Tafin Gero da Kwanrod na Huɗu

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu an riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. In yana son a gaya mini magana, sai ya faɗa wa ƙanwarsa, Gwaggo, ita ta kawo mini, ko da kuwa ina tsugune a gabansa. "A ce ma wancan shi kai awaki ruwa." Sai Gwaggo ta juyo ta maimaita, ni kuma in amsa mata. Yaran yanzu in na ba su wannan labari dariya suke yi, suna zaton ƙari nake. Ba ƙari ba ne, kuma ba ƙiyayya ba ce. Haka muka taso, har na haura shekara talatin ban taɓa ce wa tsohon nan a'a ba, don babu ma ƙofar da a'a za ta bi ta isa gare shi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, a cikin kwari, bakin fadama. Na ce yana, amma in kun je yau ruwa za ku gani. Lokacin da aka soma aikin dam na Bakolori, ni na riga na ajiye fartanya na koma Mafara, ina tuƙa wata a-kori-kura tawa, ina jigilar leburori zuwa wurin aiki da safe, in kwaso su da yamma. Baba bai so wannan sana'a ba. Bai taɓa shiga motar ba, bai kuma taɓa aiko a ce in ɗauko masa ko da damin kara ba. In zai zo kasuwar Talata, jakinsa yake hawa, in wuce shi a hanya in yi hon, ya ɗaga hannu kamar yadda zai ɗaga wa kowane direba.

Mu direbobin lokacin, ƙarya ta yi mana yawa. An buɗe hanya mai faɗi saboda manyan motocin aiki, sai muka mai da ita filin tsere. Akwai wani mutumin Garbadu da kullum sai ya wuce ni a daidai gangara, leburorinsa suna yi wa nawa gwalo. Abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda ya kamata ya tsaya wa mai hankali. Wanda ya fara mallakar motata ya sa an rubuta "Sannu Ba Ta Hana Zuwa" a bayanta. Na sayi fenti na shafe.

Na kai motar wurin Masta. Shi bakanike ne, Kirista, mutumin wajen Jos, aikin dam ya kawo shi, daga baya ya buɗe garejinsa ƙarƙashin wata tsamiya a bayan tasha. Mutum ne gajere, mai furfura a gemu, ba ya gaggawa ko da wuta ta kama rigarsa. Na ce masa ina son injin da zai bar ɗan Garbadu yana shaƙar hayaƙi. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce za a iya. Aka sauke injin, aka kai Gusau aka faɗaɗa ramukansa huɗu, aka sayo sababbin fistin masu girma, ba na kamfanin motar ba, na kasuwa, waɗanda aka ce sun fi ja.

Ga wanda bai san cikin inji ba, abin ba wuya. Fistin huɗu ne suke hawa da sauka a cikin ramukansu. Kowane yana da sandar ƙarfe da ta haɗa shi da babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasa, sandar nan ita muke kira kwanrod. Ƙasan kowane kwanrod akwai hula da ake ɗaurewa da noti biyu. Masta ya ce tun daga masana'anta ake huda kwanrod tare da hularsa, don haka ba ya karɓar ta wani. Da ya wanke nawa ya jera su a kan buhu, uku lafiya lau, na huɗun ya lanƙwashe kaɗan. Gudun da nake yi ne ya lanƙwasa shi. Ya ce sai an samo wani.

Abin da ya fi ba ni haushi da Masta shi ne sikelinsa. Wani tsohon sikeli ne mai kwano biyu, irin na masu sayen auduga, ya rataye shi a reshen tsamiya. Kowane fistin sai ya auna shi da ɗan'uwansa, kowane kwanrod haka. Fistin mai nauyi ya haɗa shi da kwanrod marar nauyi, wanda ya rinjaya ya goge shi da magagari, ya sake aunawa, har sai harshen sikelin ya tsaya cak. Ya kwashe kwana biyu yana wannan aiki a kan guda uku. Na ce masa ni mota na kawo, ban kawo zinariya ba. Ya ce zinariya ai ba ta juyawa sau dubu kafin ka gama atishawa.

Ana cikin haka damina ta kankama, aka rufe ƙofar dam, ruwa ya fara taruwa. An daɗe da gaya wa mutanenmu su tashi, an nuna musu sabon wuri a kan tudu, wurin tsakuwa. An ce kada su yi shuka a kwarin, ba su yi ba. Sai dai tashi daga inda aka binne cibiyarka ba kamar sauya riga ba ne. Gida-gida aka riƙa tafiya, Baba yana zaune. Ruwan kuma ba ya ihu. Wanda ya je ya dawo sai ya ce ya cinye gonar wane, bayan kwana biyu a ce ya kai gindin kukar wane. Leburorin da nake ɗauka sun ce macizai da ɓeraye sun fara hawowa cikin gidaje da rana tsaka.

Ran wata Alhamis sai ga Gwaggo a ƙofar ɗakina a Mafara, ta zo a ƙasa tun asuba, da ɗan ƙwarya na gero a kanta, tsarabar fura. Muka gaisa, ta tambayi lafiyata, da aiki, da gajiya, da ruwa, na tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta sha ruwa ta huta, sannan ta ce:

"Tsohonka yac ce in hwaɗa maka, an duba mai rana. Ran Littinin shika tashi. Yac ce motar gida ta zaka ta ɗauke hatsi."

"Motar gida yac ce, Gwaggo?"

"Hakanan yac ce. Ni ma sai da nis sake tambaya."

Hatsin nan shi ne komai. Rumbu guda ne na bara, gero da dawa, kuma tun da ba a yi shuka ba, shi za a ci har wata kakar. A cikinsa akwai iri. Geron gidanmu daban yake, mai dogon kai, tun kakan Baba ake zaɓen kawunan da suka fi kyau a ɗaure su daban. Mutane har daga garin Faru suna zuwa roƙon ko da tafi ɗaya ne. Baba ba ya alfahari da komai a duniya sai wannan gero, kuma ko shi ɗin da ido yake yi.

Motar gida kuwa tana ƙarƙashin tsamiya, cikinta a buɗe. Da ina da hankali da na ce wa Gwaggo ta koma ta ce a ƙara mini kwana uku. Amma ku duba, shekara nawa ina jiran tsohon nan ya san ina da amfani. Yau ya aiko, kuma ya kira motata ta gida. In mayar masa da cewa na farke ta don tsere da ɗan Garbadu? Jakuna da raƙuman haya duk an kama su, sauran motoci suna wurin aiki. Na ce mata ta ce ina nan tafe. Ta bar mini geron ta juya.

Ran Juma'a na ji labarin wata mota irin tawa da ta mutu a Bakura. Na hau motar kasuwa na je. Mai ita ya tono mini kwanrod daga cikin wani daro mai cike da ƙarafa, ya lalubo hula ya ɗaura masa. Na sa ido na duba, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Na dawo ran Asabar ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Masta ya karɓa, ya wanke da kananzir, ya ɗora a kwano ɗaya, ya ɗora ɗaya daga cikin nawa a ɗaya kwanon. Na Bakura ya sauka ƙasa. Ya duba hagu da dama bai ga abin cikawa ba, sai ya miƙa hannu cikin ƙwaryar geron Gwaggo, wadda na kawo don a kai wa mai fura. Ya riƙa zubawa a gefen marar nauyin a hankali, har harshen ya tsaya. Ya juye geron a tafinsa. Ya cika tafin, har da ɗan tozo.

"Direba, ka ga bambancinsu."

"Wanga ɗan abu? Masta, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni na duba, ɗaya suke."

"Kama da wane ba ta wane." Ya juya kwanrod ɗin ya nuna mini lambar da aka buga a jikinsa, ya nuna ta jikin hular. Ta kwanrod uku ce, ta hula biyu. "Kuma wannan hula ba tasa ba ce. Nauyi zan iya gogewa. Hula sai na zauna da ita, in ta ƙi, a nemo wani. Ka ba ni zuwa Laraba."

"Littinin nika so."

"Gobe Lahadi."

Kowa a Mafara ya san Masta ba ya taɓa sifana ran Lahadi. Ko motar hakimi ce ta mutu a ƙofarsa, sai dai ta kwana. Na roƙe shi, na yi masa bayanin ruwa da rumbu da tsoho. Ya saurara har na gama, ya ce ya ji tausayi, kuma ko da zai karya Lahadinsa aikin ba na yini ɗaya ba ne. Ya ce in je in gaya wa babana gaskiya. Na ce masa shi baƙo ne, bai san yadda muke ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ya ƙulle geron nan a tsumma, ya rataye a ƙusa tare da kwanrod ɗin, don ya tuna yawan abin da zai goge.

Ran Lahadi da hantsi na shiga garejin ni kaɗai. Kafin in zama direba na yi shekaru ina bin mota, na san ɗaure noti. Masta ya riga ya zuba guda ukun, na huɗun kawai ya rage. Na sauko da shi daga ƙusa, na bar ƙullin tsumman a wurin. Daga cocinsu da ke bayan asibiti ana jiyo waƙa da ganga, ni ina kwance ƙarƙashin mota baƙin mai yana ɗigo mini a ido. Da na ɗaure hular sai na ji ta ɗan cije. Na gwada juya injin da hannu, yana zuwa wani wuri ya yi tauri, sannan ya wuce. Na san abin da hakan yake nufi. Na ce da kaina in ya yi zafi zai saki.

Bayan la'asar na tada shi. Ya tashi da wani irin ƙarfi da ban taɓa ji ba, har na yi murmushi. Ina cikin ba shi wuta sai na ga Masta tsaye da farar rigarsa ta coci, da littafinsa a hammata. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ɗauki doguwar sukuddireba ya miƙo mini, don shi ba zai taɓa ba, ya ce in kafa bakinta a jikin injin in sa kunne a ƙotar. Na sa. Can ƙasa, ƙarƙashin rugugin, akwai wani ɗan ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce.

"Ka ji?"

"Sabon aiki na, Masta. Shina zaunawa."

"Ba zai zauna ba. In dole sai ka je, kada ka yi lodi, kada ka matsa masa a laka. Allah ya kiyaye hanya."

Ran Litinin na isa ƙauye da sassafe. Ban gane garinmu ba. An cire jinkaye da ƙyamare, gidaje sun zama kangaye, babu carar zakara, babu ƙarar turmi. Tsakanin ƙauyen da hanyar tudu akwai wani kwari da a da muke tsallakawa ba mu cire takalmi ba. Ran nan ruwa ya kwanta a cikinsa iya idon sawu, ja, ba ya gudu, sai 'yan karare suna yawo a kansa. Gabas kuma hadari ya yi baƙi, yana nesa, amma can ne ruwan gulbi yake fitowa.

Sawun farko na kwashe mata da yara da tukwane da Gwaggo. Sitiyari yana kaɗawa a hannuna, sandar giya tana rawa, amma muka isa. Da na sauke su na ji sanyi a raina, na ce ashe Masta ma yana kuskure. Ƙas ɗin nan dai ya ɗan ƙara murya, yanzu ba sai da sukuddireba ba.

Na koma ɗaukar hatsi. Maƙwabta uku da suka rage sun taya mu fasa rumbu. Baba da kansa ya ɗauko damin iri, naɗe a tabarma, ya sa shi can ƙurya, jikin kan mota. A wurinmu iri shi yake fara fita daga tsohon gida, shi yake fara shiga mota ko mangala, ba a sa komai gabansa. Aka jera geron ci a kansa, aka ɗora dawa a sama, aka ɗaure da igiya. Lodin ya wuce kan motar, bayanta ya zauna. Na tuna maganar Masta, na so in ce a raba sawu biyu. Na dubi kwarin na ga ruwan ya rufe wani dutse da na gani da safe. Kuma wa zan gaya wa? Gwaggo tana can kan tudu. Maƙwabtan suka kora jakunansu suka bi hanyar ƙafa.

Baba ya tsaya ya dubi kangon gidansa, ya yi addu'a, ya shafa. Sannan ya buɗe ƙofa ya shiga gaba, ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Wannan ne karo na farko. Ina jin ƙamshin taba da hayaƙin rigarsa. Na yi farin ciki, kuma tsoro ya kama ni, duka a lokaci guda.

Muka kama hanya. Ƙas ɗin ya zama ƙwas. Can sai Baba ya dubi gilashi, ya ce, ba da kowa ba:

"Wagga mota tana tari."

Ni ma na dubi gilashi na ce, "Haka taka yi."

Da muka shiga kwarin ruwa ya kai rabin taya. Muka yi rabi lafiya, sai ƙafar baya ta faɗa laka ta fara juyawa a wuri ɗaya. Direba mai hankali zai ɗaga ƙafa. Ni kuwa na tuna ina da injin da ya fi na kowa a Mafara, na sa giya ɗaya na taka har ƙasa. Injin ya yi kururuwa, motar ta yunƙura, ta matsa kamar taku biyu. Sai na ji wani ƙara kamar an sari tukunyar ƙarfe da gatari, komai ya yi tsit. Na sauka na buɗe. Kwanrod na huɗu ya fasa gefen injin ya leƙo waje. Baƙin mai yana malala a kan ruwa, yana bin karare.

Baba ya buɗe ƙofa. Ya sauka, ya naɗe wandonsa, ya fara kwance igiya. Akwai wata 'yar jigawa kamar taku ɗari biyu daga wurin. Na ga abin da ya kamata a yi sarai: a ture dawar nan cikin ruwa, a ture geron, a zaro iri. Na ɗaga dami ɗaya zan jefar, sai ya riƙe ɗaya gefen.

"Ba a zubda hatsi," ya ce wa damin.

Haka muka riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya a ka, mu kai jigawa, mu dawo. Laka tana kama ƙafa. Azahar ta yi ruwa yana gwiwa. Ba a yi ko ɗigo a kanmu ba, rana ma ta fito, amma ruwan da aka yi a gabas ya iso, ya fara tafiya, yana kawo kumfa da kashin shanu da wata matacciyar akuya. Mun kwashe dawa ke nan, za mu soma gero, sai ƙasa ta zame a ƙarƙashin taya, motar ta kishingiɗa, ƙuryar da irin yake ta nutse. Ruwa ya kai mini ƙugu, shi ya kai masa ƙirji. Tsohon nan ya cusa hannuwansa ƙarƙashin dammuna yana lalube, gemunsa a cikin ruwa, yana ja, ba abin da ya motsa. Na ga ƙafarsa ta ɗaga. Na kama shi ta baya na rungume, na ja shi zuwa jigawa. Rabona da taɓa jikinsa tun ina goye. Ashe ba shi da nauyi ko kaɗan.

Masunta suka fitar da mu da dawar a jirgi kafin magariba. Washegari ruwa ya rufe hanyar gaba ɗaya, geron ya kwana a ciki, ya sake kwana. Wannan shekara dawa muka ci, da taimakon dangi, ba ta kuma kai mu ko bazara ba. Baba ya gaya wa duk wanda ya zo jaje cewa ruwan dam ne, ƙaddara ce, wancan ya yi iya ƙoƙarinsa. Kowa ya yarda, don a shekarar ruwa ya ci abin mutane da yawa. Na zauna ina karɓar sannu.

Bayan kamar mako biyu wani masunci ya ce in je in ga abin mamaki. Na je na tsaya a bakin ruwa. Can tsakiya, inda motar take, dammunan da suka rage a sama sun tsiro. Wani ɗan kore ne shar a kan jan ruwa, ba ƙasa a ƙarƙashinsa, ba mai zuwa nome shi. Na daɗe ina kallo. Da na koma bayan kwana goma babu shi.

Na yi wata biyu ina kauce wa hanyar tsamiya. Ranar da na daure na je, Masta yana gugar wani fistin. Ya amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya tashi ya ciro ƙullin tsumman nan daga ƙusa, ya sa mini a hannu.

"Na ji an ce irin babanka ya tafi. Wannan ba daga gidanku ya zo ba?"

Daga gidanmu ya zo. Sauran na ƙwaryar tuni na sha shi fura. Duk duniya, abin da ya rage na geron kakan Baba shi ne wannan tafi guda. Na kai shi ɗaki na ajiye, na yi kwanaki ina juya shi. In na kai, dole a tambaye ni inda na samo shi, da dalilin da ya sa bakanike ya ƙulle gero a tsumma mai baƙin mai. In na ɓoye, asirina ya rufu, irin kuma ya mutu a hannuna sau biyu.

Na kai. Na same shi zaune a gindin sabuwar katanga, Gwaggo tana gefe tana kaɗi. Na tsuguna na ajiye ƙullin a gabanta, na ba ta labarin tun daga ɗan Garbadu har zuwa Lahadi. Ban rage komai ba. Gwaggo ba ta maimaita ba, ta tsayar da mazarinta kawai. Baba ya miƙa hannu ya kwance tsumman, ya juye geron a tafinsa, ya kai hanci, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. Sannan ya ɗago ya dube ni, ni, ba gilashi ba, ba Gwaggo ba.

"An hwaɗa maka, kac ce a'a?"

"An hwaɗa mani, Baba."

"Nauyin ke nan duka?"

"Shi ke nan."

Ya ɗaga tafin sama kaɗan, ya sauke, kamar mai awo. "Ashe ba shi da yawa," ya ce. Ya mayar da shi cikin tsumman ya sa a aljihu.

Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi. Da damina ta zagayo ya shuka shi a bayan gida, cikin tsakuwa, layi shida. Na je ranar, na ɗauki sungumi zan sara masa rami. Ya ce da Gwaggo a ce wa wancan ya bari, ya huta. Shi ya sara, shi ya zuba, shi ya rufe da diddige, ni ina tsaye. Geron ya fito, kawunansa ba su kai na fadama ba, amma ya fito, har yau ƙannena suna shuka jikokinsa.

Na sake yin mota bayan shekara biyu, Masta ne ya haɗa injinta, na zauna a gindin tsamiya ina riƙe masa kwanon sikeli. Baba ya rayu shekara tara bayan haka. Duk ranar kasuwa nakan wuce shi a kan jakinsa, in rage gudu, in tsaya, in buɗe ƙofar gaba. Sai ya ɗaga mini hannu, ya ba jakin sanda.